"Ba Shi Ba Ne, Hajiya": Abin da Ke Bayan Kiran da Ya Ɓace Hanya

Wata asuba cikin hunturun bara, ƙarfe biyar da 'yan mintoci, wayata ta yi ƙara. Wanda ya san sanyin Jos na watan Janairu ya san wahalar fito da hannu daga bargo a wannan lokaci. Baƙuwar lamba ce. Kiran asuba kuwa ba kasafai yake zuwa da alheri ba, don haka kafin in ɗauka har na fara lissafa tsofaffin danginmu da ke kwance.

Muryar tsohuwa ce. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta shiga faɗa: "Kai yanzu abin da ka yi ya kyautu? Kwana huɗu da tafiyarka, ko ka kira ka ce ka sauka lafiya?"

Na ce, "Hajiya, ina kwana. Ina jin ba ni kike nema ba."

"Ba kai nake nema ba? To muryar wa nake ji?"

Sai da na haɗa da rantsuwa. Ashe ɗanta direba ne, yana ɗaukar dankali daga Bokkos ya kai Kudu. An saya mata sabuwar waya, jikarta ta kwafo lambarsa daga bangon ɗaki inda aka rubuta da gawayi, kuma a rubutun nan, kamar yadda yarinyar ta gaya mini daga baya tana dariya, 1 da 7 uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kafin a gyara, sau uku tsohuwar nan ta sake kirana, kowane karo da sabon laifin da na yi mata.

Wannan labarin majalisa ne, a ba da shi a yi dariya. Amma abin da muke tarawa a ƙarƙashin suna ɗaya, "ron namba", ba abu ɗaya ba ne, kuma ba duka ne na dariya ba. Akwai santsin yatsa, akwai ƙaryar da ke sanye da rigar kuskure, akwai kuma lambar da take daidai ba ko kuskuren ɗigo, mai ita ne ya canza. A ganina wannan na ƙarshe ya fi sauran ɓarna, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa.

Mu fara da ita kanta lambar. Lambar wayar salula a Najeriya alƙaluma 11 ce. Huɗun farko, irin su 0803 ko 0805 ko 0802, kaso ne da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba wani kamfani. Bakwai ɗin da suka rage su ne naka, ma'ana kowane kaso yana ɗauke da lambobi miliyan 10. Yi lissafi da kanka: kowane ɗaya daga cikin alƙaluma bakwai ɗin nan ana iya kuskure shi ta hanya tara, bakwai sau tara 63. Wato kana da maƙwabta 63 da alƙalami ɗaya tak ya raba ku, ban da waɗanda za a faɗa wa in an juya biyu da ke jere, a buga 58 a maimakon 85. A tsofaffin kason da aka daɗe da rabarwa, da wuya ka faɗa kango. Duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa bisa kuskure, da mutum a ciki.

Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Wutsiyar lambarka, alƙaluma bakwai ɗin nan, tana da masu ita a 0803, da 0813, da 0703, da 0903, da 0913. Mu da muka fara riƙe waya a farkon zuwanta, hannunmu ya saba da 080 kamar yadda ƙafa ta saba da hanyar masallacin unguwa. A ba dattijo lamba mai farawa da 0903, kafin ya ankara yatsansa ya buga 0803, ya kuma yi rantsuwa cewa abin da aka ba shi ya buga.

Da ba haka abin yake ba. Zamanin NITEL, kamfanin wayar tarho na gwamnati, lambar Jos 073 ce sai alƙaluma shida su biyo baya, kuma layukan da ke aiki a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba kafin salula ta shigo a 2001. In ka yi kuskure, ko dai ka ji layi a mace, ko ka faɗa wani ofishin gwamnati inda masinja zai ce maka ba nan ba ne. Wayar ta gida ce ko ta ma'aikata. Ba ta aljihun matar wani ba ce.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, lambar waya ba ta da mai gadi. Lambar katin banki tana da shi: alƙalaminta na ƙarshe ba na ado ba ne, sakamakon lissafi ne da aka yi da sauran, bisa dabarar wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Hans Peter Luhn. In ka kuskure alƙalami ɗaya, lissafin ba zai fita ba, na'ura ta ƙi karɓa nan take. Haka lambar asusun banki mai alƙaluma 10 da Babban Bankin Najeriya ya ɗora bankuna a kai, wadda ake kira NUBAN, ita ma na ƙarshenta mai gadi ne. An yi haka ne don an daɗe da sanin yadda ɗan Adam ke kuskure: wani masanin lissafi ɗan ƙasar Holan, Jacobus Verhoeff, ya nazarci dubban kurakuran kwafar lambobi a 1969, ya gano mafi yawansu sauya alƙalami ɗaya ne, sai juya biyu da ke maƙwabtaka. Lambar waya ba a yi mata wannan gata ba, domin lokacin da aka tsara ta aikinta ɗaya ne, ta sa ƙararrawa ta kaɗa. In ta kaɗa a gidan da ba shi ba, a ba da haƙuri a ajiye. Babu wanda ya hango ranar da za a ɗora mata kuɗi, da shaidar ɗan ƙasa, da amanar aure.

Hanyoyin da kuskuren ke shigowa kuwa, a Jos sai ka zaɓa. Je tashar Bauchi Road ka tsaya kusa da mai aika saƙo yana karanta wa direba lambar wanda zai karɓa, inji na ruri, kwandasta na kiran Kano. Garin nan kowa da harshensa, Hausa ce ta haɗa mu, amma da an zo kan lamba sai kowa ya koma Turanci: "ziro et ziro tiri". Daga nan rigima ta fara. "Fayif" da "nayin" a cikin hayaniya ba su da maraba. Wani ya ce "dobul tu", mai rubutu ya sa 2 guda ɗaya ya wuce. Wani ya ce "tiri fo" yana nufin 34, mai sauraro ya rubuta 444. In aka koma Hausar ma ba a tsira ba, biyu da biyar suna rikicewa in sabis na yankewa, haka bakwai da takwas. Ga masu tallan magani a rediyo da ke zuba lamba kamar ana korarsu.

Akwai wani abu da na lura da shi a wurin 'yan kasuwa, ban ce ko'ina haka yake ba. A fuskar waya 1, 2, 3 ne a sama. A fuskar kwakuleta 7, 8, 9 ne a sama. Mutumin da ya wuni a Farin Gada yana buga kuɗin kwandon tumatir a kwakuleta, in ya ɗauki waya da yamma, yatsa kan je inda ya saba. Sannan masu kira daga waje: dole a jefar da sifilin farko a sa +234. Gana +233 ce, Chadi +235. Alhajin da ke Makka yana neman iyalinsa a Gangare, alƙalami ɗaya ya isa ya kai shi wata ƙasar.

Wasu ƙasashen sun ɗauki abin da muhimmanci har sun ware lambobin da ba na kowa ba don masu shirya fina-finai. A Amurka daga 555-0100 zuwa 555-0199 ne, Ingila ma tana da nata. Dalili kuwa a bayyane yake: a 2021 wani shiri na Koriya ta Kudu da Netflix ta fitar ya nuna wata lamba da ta zamo ta wani mutum ce na gaske, aka dame shi da kira dare da rana, sai da aka gyara wurin a cikin shirin.

To, kira ya ɓace hanya ya iso. Me ke faruwa? A nan halinmu ke shigowa. Mai kira ba ya faɗin sunansa, sai ya ce, "Wa ke magana?" Wanda aka kira ya ce, "Kai da ka kira ni, kai za ka faɗa." Minti guda ya tafi a ja-in-ja, kati na ƙonewa. Bahaushe a ƙofar gida ya san ƙa'ida sarai: ya yi sallama, ya ce wane ne, ya ce wurin wa ya zo. Ban san dalilin da ya sa wannan ladabi bai biyo mu cikin waya ba. Rabin rikicin da ya mutu a daƙiƙa goma da mai kira zai ce, "Salamu alaikum, ni ne wane daga Bukuru, mai gyaran inji nake nema."

Inda abin ya fi muni shi ne in kiran namiji ya faɗa wayar matar aure. Ta ɗauka, ta ce ba ita ba ce, ta kashe. Shi kuma don ya tabbatar, ya sake kira. Maigida na zaune. "Wane ne?" "Ban san shi ba." "Ba ki san shi ba yake kiranki sau biyu da daddare?" Ba ta da wata hujja da za ta kawo, domin rashin sani ba shi da shaida. Duk mai zama kusa da masu sulhun aure a unguwa ya ji irin wannan ƙara. Mutum ya san sarai shi ma ya sha buga lambar da ba ita ba, amma in abin ya zo kan matarsa sai lissafin maƙwabta 63 ya fice masa daga kai. An ce zato zunubi. A nan wanda ya yi kuskuren yana can ya manta, wadda ba ta taɓa komai ba ita ke kwana da kuka.

Sai dai in za a yi adalci, zargin mazan bai faɗo daga sama ba, samari ne suka ɓata rijiyar. Tun zamanin kiran dare na kyauta aka san masu buga lamba da ka, su yi ta gwadawa har su ji muryar mace, sannan a shiga "yi haƙuri, kuskure ne, amma muryarki ta yi mini daɗi". Wasu ma ba da ka suke bugawa ba, a wurin mai sayar da kati ko a rajistar wani taro suka tsinci lambar. Su suka sa yau in ka yi kuskure na gaskiya ka ba da haƙuri, a ɗaya ɓangaren ana jinka ne da kunnen tuhuma.

Daga nan sai kuɗi, inda dariya ke ƙarewa. Kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya irin su OPay da PalmPay sun sauƙaƙa wa talaka buɗe asusu: lambar wayarka, a cire sifilin farko, ita ce lambar asusunka. Sauƙi ne na gaske, mai shayi da mai kayan miya duk sun samu shiga. Amma ka tuna lambar waya ba ta da mai gadi. Alƙaluma 10 ne kamar na banki, a ido ba bambanci, sai dai a nan in ka kuskure ɗaya, babu lissafin da zai tare ka. In maƙwabcin lambar yana da asusu, kuɗi sun tafi. Abin da ya rage kawai shi ne sunan da ke fitowa kafin a tura.

Na tsaya a rumfar wani mai POS a Terminus ina jiran layi, wani dattijo ya miƙa takarda a ninke ya ce a tura wa ɗansa kuɗin makaranta. Yaron ya buga, ya karanto suna da sauri ba tare da ya ɗaga kai ba. Dattijo ya ce, "Eh, tura." Sai wata mata da ke bayansa ta ce, "Baba, sunan ɗan naka ke nan?" Ya yi shiru, ya ce a maimaita. Sunan farko daidai, na biyu ba shi ba. A garin da suna ɗaya ke da masu shi dubu, rabin suna ba shaida ba ce. Da matar nan ba ta sa baki ba, da Baba ya shiga zirga-zirgar da na ga ta cinye wa mutane makonni: banki ba ya cire kuɗi daga asusun mutum haka kawai don wani ya ce ya yi kuskure, sai mai asusun ya yarda, in ya ƙi kuma sai an bi ta kotu. Sau da yawa abin da za a kashe a hanya ya fi abin da ake bi.

Wanda kuɗin suka faɗo masa kuma, in ya ce rabo ne daga Allah, ya yaudari kansa. Tsintuwar da ba a san mai ita ba ma, shari'a cewa ta yi a yi cigiya shekara guda, balle wadda ta zo da sunan mai ita rubuce a cikin alat. Amma shi ma yana da nasa uzurin na yin taka-tsantsan, domin 'yan damfara sun daɗe da gano wannan ƙofa. Za a turo maka saƙo mai kama da alat, sai kira ya biyo baya, murya na rawa: "Don girman Allah, ɗan'uwa, kuɗin asibiti ne na tura maka bisa kuskure." In ka mayar ba ka duba asusunka ba, daga aljihunka ka biya. Wani kuma zai ce lambobin sirri sun shigo wayarka bisa kuskure, ka karanto masa. Da ka karanta, ka miƙa masa mabuɗin WhatsApp ɗinka ko na asusunka. Shi ya sa ko kuɗin sun shigo da gaske, ya fi aminci a mayar ta hannun banki, zuwa asusun da suka fito, ba wani sabon asusu da mai kira zai karanto ba. Abin takaicin, mai kuskuren gaskiya da ɗan damfara kalmominsu iri ɗaya ne, har kukan.

Duk waɗannan, da wanda za a ce ya yi sakaci. Saura wanda babu mai sakaci a cikin masu magana biyun.

Layin da kake riƙe da shi ba mallakarka ba ne irin na gona. Lambobi dukiyar ƙasa ce, NCC ke ba kamfanoni, su kuma su ba ka aro muddin kana amfani. In layi ya yi watanni ba kira, ba saƙo, ba sa kati, sai a rufe shi, in zaman ya yi tsawo a sake sayar da lambar ga wani. Ta fuskar kamfani da hukuma abin yana da hujja: lambobi suna da iyaka, ba za a bar miliyoyi suna kwance ba. Ka duba kuma yawan layukan da suka mutu a 'yan shekarun nan. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. A farkon 2024 alƙaluman NCC na nuna layuka masu aiki sama da miliyan 200; zuwa Satumbar shekarar, bayan rufe waɗanda ba a haɗa ba da kuma tantance alƙaluman kamfanoni, sun koma ƙasa da miliyan 160. Ba duka ne layukan mutane na gaske ba, amma ko kaso kaɗan ne daga ciki, lambobi ne masu ɗimbin yawa da wata rana za su koma kasuwa.

Matsalar ita ce lamba tana canza hannu, amma tarihinta ba ya goguwa. Tana nan a wayoyin 'yan'uwa da sunan tsohon mai ita. Tana jikin allon shago a Ahmadu Bello Way, tana kan katin ɗaurin aure, tana cikin fom ɗin makarantar yara. Mafi haɗari, tana nan a banki, jingine da BVN, wato lambar shaidar banki, ta mutumin da ya yar da ita. Ƙanena ya sayi sabon sim, ko mako bai yi ba ya fara samun alat na albashin wani bawan Allah da bai taɓa gani ba, da ragowar kuɗin asusunsa, duk wata. Bayan nan masu bin bashi na wata manhajar ba da rance suka taso shi gaba, da zagi da barazanar za su tura hotonsa ga jama'a. Ya ce musu ba shi ba ne. Suka ce kowa haka yake cewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Truecaller kuma, manhajar da ke nuna sunan mai kira, ba ta taimaka ba, duk wanda ya kira sai ya ga sunan wancan mutumin.

A irin wannan, shawarar "a riƙa duba lamba kafin a kira" ba ta da amfani ko na anini, domin lambar daidai take. Gyaran yana hannun waɗanda ke riƙe da rajista. Kamfanin waya ya san ranar da ya karɓe layi da ranar da ya sake sayar da shi. Banki ya san asusun da ke jingine da layin. Tunda an tilasta wa kowa ya yi layi a rana ya ba da hoton yatsunsa don a san mai kowane sim, ban ga abin da zai hana ranar da lamba ta canza hannu, labari ya isa banki kai tsaye a cire ta daga asusun tsohon mai ita ba. An ɗora wa talaka nauyin rajista, ya kamata ya ci moriyarta. Kafin nan, abin da ya rage wa mutum shi ne in ya bar layi, ya je banki da ƙafarsa ya canza, ya sauya lambar WhatsApp tun layin na hannunsa, in kamfani ya ƙi sauraron kokensa kuma ya buga 622, layin ƙorafi na NCC.

Sai dai akwai masu layin da ba za su iya zuwa banki ba. Wani abokina a Anguwar Rogo, mahaifinsu ya rasu, aka sa wayarsa a durowa tare da carbinsa da tabarau. Babu wanda ya yi tunanin layin. Bayan shekara biyu ko fiye, ƙanwarsu da ke aure a Lafiya tana duba WhatsApp sai ta ga sunan "Baba" ya fito da sabon hoto, wani saurayi da gilashi yana jingine da mota. Ta ce jikinta rawa ya kama yi. Ta san bayanin, an yi mata, amma ta kasa goge sunan, ta kuma kasa daina dubawa. Wata rana ta kira. Yaron ya ɗauka ya ce, "Wa ke magana?" Ta kashe.

Da mahaifiyarsu ta rasu bara, abokin nawa bai bar wayarta a durowa ba. Sim ɗin yana cikin wata ƙaramar Nokia a shagonsa, duk ƙarshen wata ya sa masa katin naira 100, ya kira lambarsa da shi, ya bari tasa wayar ta yi ƙara sau biyu da sunan "Inna" a fuskarta, ya ɗauka, sannan ya kashe.